Nikolai Vavilov: Masanin da ya tara wa duniya irin shuka, yunwa ta kashe shi a kurkuku

A ranar 26 ga watan Janairun 1943, wani fursuna mai shekara 55 ya rasu a gidan yarin Saratov, birnin da ke bakin kogin Volga a ƙasar Rasha. Yunwa ce ta yi ajalinsa. Aka zuba gawarsa a rami ɗaya da na sauran fursunoni, babu suna babu alama. Wannan fursuna shi ne Nikolai Ivanovich Vavilov, mutumin da ya shafe sama da shekara 20 yana keta nahiyoyi biyar, yana tara irin alkama da sha'ir da masara da dankali da shinkafa, domin kada yunwa ta sake cin mutanen ƙasarsa.

Duk mai cin shinkafa a yau yana da rabo a labarinsa, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shinkafar zamani mai gajeren kara da cikakkiyar zangarniya, irin wadda ake nomawa a Kebbi da Neja da Jigawa da Ebonyi, an samar da ita ne ta hanyar da Vavilov ya shimfiɗa. Hanyar kuwa ita ce a tara duk ire-iren da manoma suka gada, a adana su da rai, a gwada kowanne, sannan a zaɓi halin da ake so daga wannan a haɗa shi da na wancan. Mai inganta iri ba ya ƙirƙiro hali daga babu. Abin da ya tarar a rumbu, daga ciki yake zaɓa.

Asali da tasowa

An haifi Vavilov a birnin Mosko ranar 25 ga watan Nuwamban 1887. Mahaifinsa Ivan ɗan manoma ne da ya baro ƙauye tun yana yaro, ya shiga harkar masaƙa da cinikin yadi har ya zama attajiri. Gidan ya fitar da masana. Ƙanensa Sergei ya shahara a kimiyyar haske, daga baya ya shugabanci Majalisar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, 'yan'uwansa mata biyu kuma suka bi fannin likitanci.

Yana ɗan shekara huɗu aka yi babbar yunwa ta 1891 zuwa 1892, wadda ta kashe ɗaruruwan dubban mutane a karkarar Rasha. A ƙasar da damina take gajeriya, hunturu kuma yake da tsawo, gazawar alkama shekara guda kan zama mutuwa. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a kasuwanci, har ya sa shi makarantar koyon ciniki, amma yaron ya karkata ga tsirrai. A 1906 ya shiga Kwalejin Aikin Gona ta Mosko, inda ya rubuta bincikensa na farko a kan katantanwar da ke ɓarna a gonaki da lambuna.

A lokacin, ilimin gadon halitta sabo ne. A 1900 ne masana suka farga da aikin Gregor Mendel, wanda ya yi gwaji da wake tun a shekarun 1860, ya gano cewa halayen shuka suna tafiya ne a cikin wasu ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Waɗannan ƙwayoyi ba sa narkewa su cakuɗe kamar nono da ruwa. Hali kan ɓuya a 'ya'ya ya sake bayyana a jikoki, kamar yadda jika kan ɗauko kamannin kakansa. A 1913 Vavilov ya tafi Ingila ya yi aiki a ƙarƙashin William Bateson, babban mai yaɗa wannan ilimi, yana nazarin dalilin da ya sa cuta kan cinye wani irin alkama ta bar wani a gona ɗaya. Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ta sa ya koma gida.

Abin da ya gano tun yana matashi

A 1916 rundunar Rasha da ke arewacin Iran ta nemi taimakonsa, domin sojoji suna ta jiri da fita hayyaci bayan sun ci burodi. Ya binciki garin, ya gano cewa 'ya'yan wata ciyawa mai guba ne ke shiga cikin alkamar wajen girbi. Da ya gama wannan aiki sai ya ci gaba da tara iri a ƙauyukan Iran, daga nan ya hau tsaunukan Pamir. A can ya ga abin da ya zame masa alƙibla har ƙarshen rayuwarsa. A cikin 'yar gonar talaka guda, a wani lungun dutse, akwai nau'o'in alkama da babu su a littattafan masanan Turai.

Ya zama farfesa a Saratov a 1917. A taron masu inganta iri da aka yi a birnin a 1920, ya gabatar da ƙa'idar da ta fara fitar da sunansa. Ya nuna cewa shukokin da suke dangin juna, bambance-bambancensu kan zo iri ɗaya. Idan an sami alkama mai gemu da marar gemu, fara da ja da baƙa, to za a sami kwatankwacinsu a sha'ir. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan a aikace: akwai jar dawa da fara, akwai kuma jar shinkafa da fara, akwai geron da ke nuna da wuri da maiwar da ke jinkiri, haka ma a shinkafa. Amfanin ƙa'idar shi ne ta gaya wa mai bincike abin da zai nema. Halin da aka gani a wata shuka, akwai kyakkyawan zaton yana nan a 'yar'uwarta, a wata gonar da ba a kai ga zuwa ba.

A 1921 aka ba shi shugabancin ofishin nazarin tsirrai da ke Petrograd, birnin da daga baya aka sauya wa suna zuwa Leningrad. A wannan shekarar yunwa ta sake afka wa yankin Volga, inda ya baro ɗalibansa, ta kashe kimanin mutum miliyan biyar.

Tafiye-tafiye

Daga nan ya shiga yawon da ba a taɓa ganin wani masanin tsirrai ya yi irinsa ba. A 1924 ya shafe watanni a kan doki a Afghanistan, har ya kutsa yankin Nuristan mai wuyar shiga. A 1926 da 1927 ya zagaye ƙasashen Bahar Rum: Aljeriya, Maroko, Tunisiya, Siriya, Falasɗinu, Girka, Italiya da Sifen. A farkon 1927 ya isa Habasha, ya gana da Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, ya sami izinin shiga ƙasa, ya ɗauki ayarin alfadarai ya bi tuddai har Eritiriya. A can ya tarar da alkama mai shunayyar ƙwaya da nau'o'in sha'ir masu yawan gaske. A 1929 ya je yammacin Sin da Japan da Koriya da tsibirin Taiwan, ƙasashen da shinkafa ce abincinsu. A 1930, sannan a 1932 zuwa 1933, ya bi nahiyar Amurka daga Kanada zuwa Meziko da Peru da Boliviya da Brazil, yana bin sawun masara da dankalin Turawa da auduga. Jimillar ƙasashen da ya taka ta haura 50.

Yadda yake aiki ba shi da wani asiri. Yakan shiga kasuwar hatsi ya duba abin da ke cikin buhuna, ya shiga gona ya tsinki zangarniya, ya tambayi manomi sunan irin da lokacin shukarsa da abin da ya sa yake riƙe da shi. Kowane samfuri sai an rubuta masa wurin da aka samo shi da tsayin wurin daga teku, a ƙunshe shi a aika Leningrad ta gidan waya. Yana jin harsuna da dama, barcinsa kaɗan ne, hotunansa kuma sun nuna shi cikin kwat da laktaye da malafa ko a tsakiyar daji.

Daga abin da ya gani ya fitar da ra'ayinsa mafi shahara, wanda ya wallafa a 1926. Ya ce kowace shuka tana da mahaifa, wato yankin da ɗan Adam ya fara mayar da ita daga ta daji zuwa ta gona, kuma a nan ne ake samun mafi yawan nau'o'inta tare da danginta na daji. Daga baya ya ƙidaya irin waɗannan yankuna takwas: Sin, Indiya da kudu maso gabashin Asiya, tsakiyar Asiya, Gabas ta Tsakiya, Bahar Rum, Habasha, Meziko da tsakiyar Amurka, sai tsaunukan Kudancin Amurka. Shinkafa ya sanya ta a yankin Indiya. Ma'anar wannan ga mai inganta iri a fili take: in cuta ta addabi shukarka, koma mahaifarta, inda ita da cutar suka daɗe suna kokawa, a can za ka sami wadda ta iya jurewa.

Rumbun Leningrad

Zuwa 1940 cibiyarsa ta tara samfurin iri kimanin 250,000, rumbun da babu kamarsa a duniya a lokacin. Tara irin ma shi ne ɓangare mai sauƙi. Ƙwaya tana da rai, kuma ranta yana raguwa a ajiye, don haka bayan 'yan shekaru dole a fitar da kowane samfuri a shuka shi, a girbe, a mayar da sabo, ba tare da ya gauraya da maƙwabcinsa ba. Vavilov ya kafa tashoshin gwaji daga yankin ƙanƙara na arewa mai nisa har zuwa gaɓar Baƙin Teku da hamadar tsakiyar Asiya. Yakan sa a shuka iri ɗaya a wurare fiye da 100, domin a rarrabe halin da yake na gado da wanda ƙasa da yanayi suka jawo.

Girma ya zo masa da wuri. Ya karɓi Lambar Lenin a 1926, ya shugabanci Majalisar Kimiyyar Noma ta ƙasa daga 1929 zuwa 1935, ya kuma riƙe ƙungiyar masana labarin ƙasa. Dubban ma'aikata ne a ƙarƙashinsa.

Sai dai aikin inganta iri ba ya son gaggawa. Idan aka ɗauki garin furen wannan shuka aka sa wa waccan, 'ya'yan farko kan fito kusan kama ɗaya. A jikoki ne halaye ke watsuwa, wani dogo wani gajere, wani mai jure cuta wani rago. Daga cikin dubbai za a zaɓi kaɗan, a sake shukawa, a sake zaɓa, har zuriya shida ko bakwai kafin irin ya tsaya a kan hali guda. Bayan haka a gwada shi a wurare daban-daban. A wancan zamani aikin kan ci shekara 10 zuwa 12.

Zuwan Lysenko

Gwamnatin Stalin ba ta da wannan haƙuri. Daga 1929 ta ƙwace gonakin manoma ta mayar da su na tarayya da ƙarfin tsiya, noma ya rushe, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakhstan da kudancin Rasha. Tun a 1931 hukuma ta ba da umarnin a riƙa fitar da sabon iri cikin shekara huɗu ko biyar. Ana neman mai yin alƙawarin gaggawa, ana kuma neman wanda za a ɗora wa laifi.

Mai alƙawarin ya samu. Trofim Lysenko ɗan manoma ne daga Yukren, ma'aikacin gona wanda jaridun gwamnati suka ɗaukaka. Ya yi suna da dabarar jiƙa irin alkamar hunturu a sanyaya shi, domin ya yi fure ko da an shuka shi bayan sanyi ya wuce. Dabarar tana aiki a kan shukar da aka yi wa, kuma an san ta tun kafin shi. Kuskurensa shi ne da'awar cewa wannan horo yana sauya gadon shukar ya wuce zuwa 'ya'yanta, don haka babu buƙatar ƙwayoyin gado, babu buƙatar jiran zuriya bakwai, babu buƙatar rumbun irin ƙasashen waje. Daga baya ma har ya yi iƙirarin cewa alkama na iya rikiɗa ta zama wani hatsi dabam.

Da farko Vavilov ya ƙarfafa masa gwiwa, yana ganin dabarar sanyaya iri za ta taimaka wajen sa shukokin ƙasashe daban-daban su yi fure lokaci guda a haɗa su. Ya yabe shi a tarurruka, ya taimaka masa ya hau. Da Lysenko ya sami kunnen Stalin sai ya juya wa ilimin gado baki ɗaya, ya kira shi ilimin 'yan jari-hujja. Bayan 1933 ba a sake barin Vavilov ya fita ƙasar ba. A 1935 aka sauke shi daga shugabancin Majalisar Kimiyyar Noma, a 1938 Lysenko ya hau kujerar. Aka fara kama abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, aka harbe wasu. A 1939 masana ilimin gado na duniya suka zaɓe shi shugaban babban taronsu a Edinburgh, gwamnati ta hana shi tafiya.

Yana da damar ya yi shiru ko ya bi sahu, kamar yadda wasu suka yi. Ya ƙi. A wannan shekarar ta 1939 ya bayyana a gaban ma'aikatansa cewa ya gwammace a ƙona shi da ya janye daga abin da gwaji ya tabbatar.

Kamu da rasuwa

Ranar 6 ga watan Agustan 1940, yana tara iri a yammacin Yukren kusa da Chernivtsi, wasu mutane suka zo da mota suka ce ana nemansa a Mosko da gaggawa. Abokan tafiyarsa ba su sake ganinsa ba. An yi wata 11 ana tuhumarsa, zama kusan 400, mafi yawa da dare, yana tsaye har ƙafafunsa suka kumbura. Aka zarge shi da zagon ƙasa ga noma da leƙen asiri wa Birtaniya. Azaba ta sa ya sa hannu a wasu takardu, amma ya ƙi amsa laifin leƙen asiri. Ranar 9 ga Yulin 1941, bayan shari'ar 'yan mintuna, aka yanke masa hukuncin kisa.

Da sojojin Jamus suka doshi Mosko a watan Oktoban shekarar, aka kwashe fursunoni zuwa Saratov, garin da ya taɓa koyarwa. A ɗakin da aka kulle shi yakan yi wa abokan zamansa darasi a kan tarihin noma da tsirrai, da murya ƙasa-ƙasa. A 1942 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 20, a shekarar ce kuma Majalisar Masana ta Ingila ta zaɓe shi mamba, shi kuwa yana can yana ƙanjamewa. Matarsa Elena Barulina, ita ma masaniyar tsirrai, ta yi gudun yaƙi zuwa Saratov tare da ɗansu Yuri. Suna zaune a gari ɗaya da shi ba su sani ba, har ya rasu.

Masu gadin rumbu

A daidai wannan lokaci rumbunsa yana cikin wata jarrabawar. Daga watan Satumban 1941 zuwa Janairun 1944, kwana 872, sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya. A tsakiyar hunturun farko rabon burodin farar hula ya sauka zuwa giram 125 a rana, ɗaruruwan dubban mutane suka mutu. A tsakiyar wannan birni akwai gini cike da alkama da wake da gyaɗa da dankali da shinkafa.

Ma'aikatan da suka rage suka rarraba irin cikin gwangwanaye saboda ɓeraye, suka toshe tagogi, suka riƙa kwana suna gadi cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a ɗaki. Suka haƙo dankalin tashar gwaji da ke bayan gari ana ruwan harsasai. Suka samu suka fitar da wani kaso ta kan daskararren tafkin Ladoga zuwa tsaunukan Ural. Da dama daga cikinsu yunwa ta kashe. Alexander Shchukin, mai kula da gyaɗa, a kan teburinsa ya cika. Dmitri Ivanov, mai kula da sashen shinkafa, ya rasu a farkon 1942, dubban ƙunshin shinkafa na kewaye da shi. Tukunya ɗaya daga ciki da ta ƙara masa kwanaki, amma kowane ƙunshi iri ne da wataƙila babu shi a wani wuri, kuma in an dafa shi ya tafi ke nan.

Shaidar shinkafa

Abin da Ivanov ya mutu yana karewa, tarihin shinkafa ne ya fi bayyana darajarsa. A 1960 aka kafa Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, a Los Baños na ƙasar Filifins, lokacin da ake fargabar yunwa a Asiya. Matsalar shinkafar gargajiya ita ce tsawon kara: in aka ba ta taki sai ta ƙara tsawo, kai ya yi nauyi, ta kwanta a ruwa ta lalace. Abu na farko da cibiyar ta yi shi ne tara iri, kamar yadda Vavilov ya koyar. A 1962 Peter Jennings ya haɗa Peta, doguwar shinkafa daga Indonesiya, da Dee-geo-woo-gen, wata gajeriya daga Taiwan. A jikoki aka ga uku dogaye ɗaya gajeriya, daidai lissafin Mendel da Lysenko ya ƙaryata, alamar cewa ƙwayar gado guda ce ke riƙe da gajartar. Henry Beachell ya ci gaba da zaɓe, a 1966 aka fitar da IR8. A gonar gwaji ta ba da kusan tan 10 a hekta, a zamanin da manomi ke samun tan ɗaya zuwa biyu.

Amma yawa kaɗai bai wadatar ba. Ƙwayar IR8 tana da alli-alli, tana karyewa wajen casa, in ta huce kuma sai ta yi tauri. Mai dafawa ce ke yanke hukunci na ƙarshe, kuma kowace ƙasa da abin da take so. Yawan wani nau'in sitaci a cikin ƙwaya shi ke sa wata shinkafar ta warware a dafa-duka, wata kuma ta yi danƙo ta dace da tuwo. Ƙamshin basmati ma hali ne na gado. Dole aka koma rumbu neman inganci.

Sai kuma cuta. Da aka shimfiɗa iri ɗaya a miliyoyin hekta, ƙwari da cututtuka suka sami shimfiɗaɗɗiyar tabarma. Wata cutar da ke tsugunar da shinkafa ta hana ta fitar da kai ta bazu. Aka gwada dubban samfura, aka sami juriya a cikin wata shinkafar daji mai suna Oryza nivara, wadda aka tsinto a jihar Uttar Pradesh ta Indiya a 1963, ciyawar da manomi zai tuge ya yar. Halinta ya shiga IR36, wadda Gurdev Khush da abokan aikinsa suka fitar a 1976 daga iyaye 13 na ƙasashe shida. Tana nuna cikin kwana 105 zuwa 110, kuma a shekarun 1980 ta mamaye kimanin hekta miliyan 11. A 1985 IR64 ta biyo baya, ta karɓu musamman saboda daɗin cinta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani: halin jure nutsewa a ruwa na kusan mako biyu, daga wata tsohuwar shinkafar manoman gabashin Indiya mai suna FR13A aka samo shi, kuma shi ne ke cikin FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a Najeriya a 2017 domin yankunan ambaliya.

Inda taswirarsa ta gaza

Vavilov bai taɓa zuwa Afirka ta Yamma ba, kuma taswirarsa ta tsallake ta. Binciken baya ya nuna cewa wurin da nau'o'i suka fi yawa ba lallai ne ya zama mahaifa ba, kuma an fara noman shinkafar Asiya ne a kwarin kogin Yangtze na ƙasar Sin. Masanin Faransa Roland Portères ya nuna cewa Afirka tana da tata shinkafar, Oryza glaberrima, wadda manoma suka horar daga ta daji a fadamun kogin Kwara da ke Mali ta yau, kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Ita ce jar shinkafar da aka daɗe ana nomawa a fadamun Sakkwato da Kebbi tun kafin zuwan Turawa. A 1971 Jack Harlan na Amurka ya ƙara da cewa gero da dawa da acca da doya sun samo asali ne a wani faffaɗan yanki da ya ratsa Afirka kudu da Sahara.

Waɗannan gyare-gyare da hanyar Vavilov aka yi su, kuma sun ƙara mata ƙarfi. Shinkafar Afirka ba ta da yawan amfani, tana kwanciya, ƙwayarta na zubewa kafin girbi. Amma faffaɗan ganyenta yana danne ciyawa, tana jure matalauciyar ƙasa da wasu cututtukan yankin. A shekarun 1990 Monty Jones, ɗan ƙasar Saliyo, ya yi nasarar haɗa ta da ta Asiya, aikin da a da yake ƙarewa da 'ya'ya marasa ƙwaya. Sakamakon shi ne NERICA, wadda ɗaya daga cikinta ta shigo Najeriya da sunan FARO 55. Haka nan wata shinkafar daji daga Mali ce ta ba duniya halin jure cutar da ke ƙona ganyen shinkafa.

Bayan rasuwarsa

A 1948 aka haramta koyar da ilimin gado a Tarayyar Sobiyet. Stalin ya mutu a 1953, a 1955 kotu ta wanke Vavilov daga duk laifukan da aka ɗora masa, a tsakiyar shekarun 1960 kuma tauraron Lysenko ya faɗi. An buga littafin tafiye-tafiyensa a 1962, aka kuma sa wa cibiyarsa sunansa a 1967.

Rumbunan iri na yau duk a kan tsarinsa suke. Na IRRI yana riƙe da samfurin shinkafa sama da 130,000. A 2008 aka buɗe babbar ma'ajiya a cikin dutsen ƙanƙara a Svalbard na ƙasar Norway, inda ƙasashe ke kai kwafin irinsu. A Najeriya akwai cibiyar adana iri ta ƙasa a Ibadan, da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a jihar Neja, wadda ke kan gaba wajen aikin shinkafa. Sai dai duk lokacin da sabon iri ya shiga ƙauye, tsofaffin da ke hannun dattawa kan fara ɓacewa, kuma wanda ya ɓace kafin a adana shi, babu masanin da zai iya dawo da shi.

Cibiyar Vavilov tana nan a birnin da yanzu ake kira Saint Petersburg, a ginin da ma'aikatanta suka yi gadi, tana riƙe da samfura fiye da 300,000. Har yanzu ana fitar da su bi da bi, a shuka, a girbe, a mayar.